Darussan Lissafi a Makarantun Sakandare da Sharuɗɗan Rarraba Ɗalibai



Gabatarwa

A duk shekara, idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, abin da iyaye kan fara tambaya shi ne ko yaro ya sami kiredit a Turanci da lissafi. Idan ya samu a yi murna, idan bai samu ba a shiga neman kuɗin sake zama. Saboda haka ne jama'a suka ɗauka cewa ƙofar jami'a ita ce wurin da lissafi yake tare ɗalibi. Abin da wannan lacca ta sa gaba shi ne ta nuna cewa ana yanke hukuncin tun shekara uku kafin wannan rana, watau lokacin da ake rarraba yara zuwa sashen kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci a farkon babbar sakandare. Wannan rabo kuwa, duk da nauyinsa, shi ne wanda aka fi yi ba tare da wata rubutacciyar ƙa'ida da uba zai iya karantawa ba. Za a duba halin lissafi shi kansa, da tarihin darussansa a Nijeriya, da ƙofofin da ɗalibi yake bi, sa'an nan a kawo shawarwari.

Lissafi hawa-hawa ne

Akwai darussan da ɗalibi zai iya rasa wani babi nasu, ya kuma fahimci na gaba. Wanda ba ya nan ranar da aka karantar da tarihin Daular Borno yana iya gane tarihin Daular Sakkwato. Lissafi bai yarda da haka ba, domin kowane mataki a kan na ƙasa da shi yake zaune. Daga ƙidaya ake zuwa tarawa da ɗebewa, daga nan sai ninkawa da rabawa, sai lissafin kaso, watau rabi da sulusi da rubu'i da makamantansu, sa'an nan aljabara, inda harafi yake tsayawa a madadin adadin da ba a sani ba.

Misali daga ilmin rabon gado zai bayyana wannan. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ko iyaye ba, sai miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, 'yan'uwan biyu suna da sulusi biyu. Malamin da ya san aikinsa zai nemi adadin da biyu da uku duka suke raba shi, watau shida. Rabin shida uku ne, sulusi biyunsa huɗu ne, jimla bakwai, ga shi kuwa asalin shida ne. Wannan ita ce mas'alar da malamai ke kira auli: sai a raba dukiyar kashi bakwai, miji ya ɗauki uku, 'yan'uwa su ɗauki huɗu. Idan shanu 42 aka bari, miji ya sami 18, kowace 'yar'uwa ta sami 12.

To, yaron da bai ƙware ba, idan aka ce ya tara 1/2 da 2/3, yakan tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta 3/5. Bai lura ba cewa 3/5 bai ma kai 2/3 ɗin da ya fara da shi ba, watau ya yi ƙari amma abin ya ragu. Wannan yaro, ranar da aka ba shi x/2 + 2x/3 a sakandare, kuskuren nan zai maimaita, malami kuma ya ce ba ya gane aljabara, alhali ciwon tun daga firamare ya taso. A cikin 2012 Robert Siegler da abokan aikinsa sun buga sakamakon wani bincike da suka yi a kan bayanan yaran Amurka da na Birtaniya, inda suka gano cewa sanin lissafin kaso da rabawa a firamare yana nuna yadda yaro zai kasance a aljabara bayan shekara biyar ko shida, ko da an cire tasirin arzikin iyaye da ilminsu.

Ya kamata a tuna kuma cewa wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kalmar aljabara ta fito ne daga sunan littafin da Muhammad bin Musa Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban ɓangare na littafin a kan wasiyya da gado yake. Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya yi rubutu a kan hatimin lambobi wanda kowane layinsa yake ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira cikin 1741. A zamanin boko ma, Farfesa Iya Abubakar masanin lissafi ne kafin ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Maganar da wasu kan yi cewa lissafi ya fi ƙarfin 'ya'yan wannan yanki ba ta da tushe.

Yadda darussan suka samu

An kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, cikin 1952. A tsohon tsari ɗalibi yakan yi shekara biyar a sakandare, ya zauna jarrabawar kammalawa, wanda ya yi fice kuma ya ƙara shekara biyu kafin jami'a. Tun a wancan lokaci lissafi iri biyu ne: akwai wanda kowa yake yi, akwai kuma na ƙari domin masu nufin karatun injiniya da kimiyya.

Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik cikin 1957, Amurka ta sake fasalin lissafin makarantunta, ta shigo da abin da aka kira lissafin zamani, mai farawa da ilmin rukunoni da ƙidaya bisa tushen da ba goma ba. Wannan guguwa ta iso Afirka ta hanyar tarurrukan rubuta littattafai da aka fara a Entebbe ta ƙasar Yuganda cikin 1962. Nijeriya ta karɓa, amma malamai da yawa ba a horar da su a kai ba, iyaye kuma suka kasa taimakon 'ya'yansu a gida. A farkon 1977, watanni kaɗan bayan fara shirin ilmin firamare kyauta na 1976, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke shi. Darasin da ke cikin wannan a fili yake: manhaja ba ta wuce iyakar sanin malamin da zai karantar da ita.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ita ce ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi cikin 1982: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. An kafa hukumar JAMB cikin 1978 domin shirya jarrabawar shiga jami'a, sa'an nan NECO cikin 1999. A ƙarƙashin wannan tsari, ɗalibin babbar sakandare yana da lissafi na gama-gari, wanda ya wajaba a kan kowa, ya ƙunshi aljabara da ilmin siffofi da awo da ilmin kusurwoyi da ƙididdiga. Akwai kuma lissafi mai zurfi, wanda zaɓi ne, inda ake shiga kalkulas sosai, watau lissafin yadda abu yake canjawa, da lissafin ƙarfi da motsi. Wanda ya shiga sashen injiniya ba tare da ya taɓa ganin wannan na biyu ba, yakan sha wuya a shekararsa ta farko, domin yana koyon abin da na kusa da shi yake bita.

Ƙofofi uku

Ƙofa ta ƙarshe ita ce jarrabawar JAMB, inda ɗalibi yake zaɓen darussa huɗu, Turanci dole, jimlar maki 400. Mai neman injiniya sai ya haɗa da lissafi da fizis da kemistiri. Mai neman ilmin tattalin arziki ma sai da lissafi. Mai neman likita ba ya rubuta lissafi a nan, amma ana bukatar kiredit ɗinsa a takardar sakandare.

Ƙofa ta tsakiya ita ce jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 an ci amma ba su kai ba. F9 faɗuwa ce. Shekaru da yawa ƙa'idar da jami'o'i suka fi bi ita ce kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu.

Waɗannan ƙofofi biyu suna da wata daraja guda, ko da an yi kuka da su: sharuɗɗansu a rubuce suke, kuma wanda ya faɗi yana iya sake zama baɗi. Ƙofa ta farko ba haka take ba. Yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare yana da shekara 14 ko 15, ya zauna jarrabawar kammala ilmin tushe, sai a ce da shi ga sashen da zai shiga. A wata makaranta makin lissafi da na kimiyya ake dubawa. A wata kuwa yawan kujeru ne yake yanke hukunci, ko kuma samuwar malamin fizis da ɗakin gwaji. Wani wurin uba mai faɗa a ji ne yake zuwa ya ce ɗansa likita zai zama, a sa shi a kimiyya ko da makinsa bai kai ba, ɗan talakan da ya fi shi kuma a tura shi inda aka sami gurbi. Yarinya takan gamu da ƙarin shinge, domin akan ce mata kimiyya doguwar hanya ce ga wadda aure yake jira. Da zarar an yi zango ɗaya ko biyu, komawa ta yi wuya, gama an riga an wuce yaro a fizis da kemistiri. Ta haka ake rufe wa mutum aikin likita da na injiniya da na haɗa magunguna tun bai san ma'anarsu ba, kuma ba shi da inda zai kai ƙara.

Sanarwar 2025

A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, a ƙarƙashin Minista Tunji Alausa, ta ba da sanarwar cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu neman fannonin adabi, amma yana nan ga masu neman kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Bayan 'yan kwanaki ma'aikatar ta ƙara bayani cewa har yanzu wajibi ne kowane ɗalibi ya yi rajistar Turanci da lissafi, ya kuma zauna jarrabawarsu.

Wannan mataki yana da hujja. Ba adalci ba ne a tsare yaron da Allah ya ba baiwar harshe ko tarihi ko Larabci shekara biyu ko uku a gida saboda D7 a darasin da ba zai dogara da shi ba. Amma akwai abin tsoro a ciki, wanda ya shafi ƙofar farko kai tsaye. Idan ɗalibin sashen adabi ya san cewa zama kawai ake bukata, ba ci ba, zai ajiye littafin lissafi tun daga aji ɗaya, shugaban makarantar da malamansa ba su isa ba kuma zai kwashe su ya kai sashen kimiyya. A da, wanda aka jefa sashen adabi bisa kuskure yana da 'yar hanyar tsira, domin kiredit ɗin lissafi yana iya kai shi wasu fannonin kimiyyar zamantakewa ko na mulki. Idan ya saki lissafi, wannan hanya ma ta toshe. Ashe ke nan sauƙin da aka yi a ƙofar jami'a ya ƙara wa rabon farko nauyi.

Ma'aikatan gwamnati da ke wannan zaure sun fi kowa sanin cewa lissafi ba ya barin mutum don ya karanta adabi. Alƙalin kotun shari'a zai raba gado, sakataren ƙaramar hukuma zai karanta kasafin kuɗi, ɗan jarida zai ba da labarin hauhawar farashi da kashi cikin ɗari, hedimasta kuma zai tsara kuɗin ciyar da ɗalibai.

Me ma'aunin yake aunawa?

Ko a inda aka bi maki tsakani da Allah, akwai sauran tambaya. Jarrabawar lissafi da Turanci ake rubuta ta, saboda haka abu biyu take aunawa a lokaci guda. Alal misali, akwai ginin jimla a Turanci da yake ambaton biyar da farko, alhali ita ce za a ɗebe daga adadin da ba a sani ba. Yaron da yake bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya sai ya rubuta 5 – x maimakon x – 5. Wannan yaro kuwa shi ne wanda yake cewa ashirin babu ɗaya idan yana nufin 19, watau ɗebewa tana cikin ƙidayar harshensa. Shi ne kuma yake tsaron shagon ubansa ran kasuwa, yana ba da canji ba tare da alƙalami ba.

Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, inda aka karantar da wasu yara dukan darussa, har da lissafi, da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Manufar 1977 ta ce a fara karatun firamare da harshen uwa ko na yankin. A cikin 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a kai shi har aji shida, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 aka sanar da janye wannan, aka koma ga Turanci. Kowane ra'ayi mutum yake da shi a kan wannan sauyi, abu ɗaya ya tabbata: mai rarraba ɗalibai a ƙasar Hausa ya wajaba ya bambance tsakanin yaron da bai iya lissafi ba da wanda bai gane tambayar ba. Haka nan makin yaron da makarantarsa ta shekara ba malamin lissafi, shaida ce a kan makarantar kafin ta zama shaida a kansa.

Abin koyi daga Kano da Kaliforniya

A cikin 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda ƙarancin 'yan jihar da suka cancanci karatun likita da injiniya. Da jarrabawa ake zaɓen ɗalibai daga sauran makarantu, a tara su wuri ɗaya tare da malamai da kayan gwaji. Likitoci da injiniyoyi masu yawa sun fito daga waɗannan makarantu. Abin da wannan ya nuna shi ne yaran suna nan tun da can, abin da aka rasa shi ne hanyar gano su da wurin da za a kai su. Iyakar irin wannan shiri kuwa ita ce gurabensa kaɗan ne, mafi yawan yara a makarantun gama-gari ake yanke musu hukunci.

A Amurka tsarin ya bambanta, domin ba a raba yara sashe-sashe, sai dai a sa kowa a darasin lissafin da aka ga ya dace da shi, daga aljabara har zuwa kalkulas. Duk da haka matsalar iri ɗaya ce. A Jihar Kaliforniya an gano cewa ana sa wasu yara, musamman baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka, su maimaita aljabara a aji tara bayan sun ci ta a aji takwas. Saboda haka cikin 2015 jihar ta yi doka cewa kowace hukumar makarantu ta rubuta ƙa'idarta ta sanya ɗalibai, ta dogara da ma'auni fiye da ɗaya, ta sake duba matsayin yaro a cikin watan farko na shekara, ta kuma ba iyaye hanyar ƙorafi. Birnin San Francisco kuwa wata hanya ya bi: cikin 2014 ya hana kowa yin aljabara a aji takwas domin a daidaita yara, amma iyaye masu hali suka saya wa 'ya'yansu darasin a waje, cikin 2024 kuma aka yanke shawarar mayar da shi. Hana rabo gaba ɗaya bai kawo adalci ba. Abin da ya fi amfani shi ne a yi rabon a fili, a kuma bar ƙofar gyara a buɗe.

Shawarwari

Na farko, kowace ma'aikatar ilmi ta jiha ta rubuta sharuɗɗan shiga kowane sashe, da Hausa da Turanci, a liƙa a makarantu, a karanta wa iyaye tun yaro yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, kada a dogara da jarrabawa guda. A haɗa da makin shekara uku, da wani ɗan gwajin lissafi wanda malami zai iya bayyana tambayoyinsa da Hausa.

Na uku, zangon farko na babbar sakandare ya zama na gwaji, a sake duba rabon a ƙarshensa, uba ko uwa kuma su san jami'in da za su kai wa kuka.

Na huɗu, a auna yara a lissafin kaso da rabawa ranar da suka shigo ƙaramar sakandare, wanda aka samu da rauni a gyara masa a shekarar, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyar, inda malamin lissafi mai zurfi ya yi ƙaranci, makarantu biyu ko uku na gari ɗaya su yi tarayya a kan guda, kada kuma a janye malamai daga sashen adabi.

Na shida, masu duba makarantu su riƙa tattara adadin maza da mata da aka sa a kowane sashe, domin a ga inda son rai ya shiga.

Kammalawa

Yawancin waɗannan shawarwari ba sa bukatar sabon gini ko kuɗi mai yawa, takardar umurni daga babban sakatare da sa ido daga jami'an shiyya sun isa a fara. Ɗaliban da ke wannan zaure sun riga sun wuce ƙofofin nan uku, amma kowannensu yana da ƙane ko ƙanwa a aji uku, kuma ya fi iyayensa sanin abin da rabon yake nufi. Haƙƙi ne a kansa ya je makarantar ya tambayi ma'aunin da aka bi. Ma'aikaci kuma ya tuna cewa jerin sunayen da yake sa wa hannu a farkon shekara, shi ne yake ƙayyade waɗanda za su zama likitocin jiharsa bayan shekara goma. Allah ya sa a dace.